Ido a Bangon Hajiya Lantana

Na jingina tsani da bangon Hajiya Lantana
kafin rana ta hau rufin masallacin Aboabo.
Jaka a kafaɗa, sukurori huɗu a leɓena,
shi ya sa mai shara ta gaishe ni, na amsa da ka.

Ɗanta Mumuni ya turo kuɗin daga Jamus
tun daren da aka tsallako katanga,
aka kwance raguna biyu, aka bar mata igiya.
Ya ce a waya: ido biyu, ɗaya ƙofa, ɗaya lungu.
Ya faɗa kamar mai sayen albasa a Kejetiya.

Bai san kowane bango da halinsa ba.
Ka kai ta sama da yawa, sai ta riƙa ƙirga huluna,
ba fuska ko ɗaya da za ka kai wa ɗan sanda.
Ka sauko da ita, yaro da sandar tsinkar mangwaro
zai juya mata wuya ta kalli gajimare.
Ƙafa tara nake aunawa.
Wanda ya koya mini ya ce takwas,
amma shi gajere ne, Allah ya jiƙansa.

Ba na ba ta gabas.
Hantsi na makantar da ita kamar tsohon da ya fito daga ɗaki.
Ba na haɗa ta da ƙwan fitila,
don ƙwari su taru, gizo-gizo ya biyo su,
ya saƙa mata labule kafin Juma'a.
Ƙarƙashin kwano nake ɓoye ta,
nesa da bakin indararo,
ruwan Kumasi ba ya sallama in zai shigo.

Na huda bulo. Garin siminti ya cika mini gira.
Na cusa waya a bututu, na toshe ramin,
kada tsaka ta mai da shi ɗakin haya.

Maame Dufie ta leƙo ta saman katanga,
zani a ƙirji, soso a hannu.
Ba ta ce komai ba. Na gane.
Na karkata idon taƙi ɗaya zuwa hagu
har banɗakinta ya fita daga hoton,
na sauko na nuna mata a wayata.
Ta duba, ta sake dubawa,
sannan ta aiko mini da ayaba uku.

Sai Hajiya ta taɓa ƙafar tsanin.
"Seidu, wannan abin, Mumuni yana gani daga can?"
Na ce, duk sanda ya buɗe waya.
"Har da asuba?"
Har da asuba, in ba a ɗauke wuta ba.

Ta yi shiru, tana kallon gindin bango,
inda murhu ya yi wa siminti baƙi,
inda kujerarta ta ci rami huɗu a ƙasa,
shekara talatin tana dama koko tana soya ƙosai.
"Sunkuyar da shi kaɗan," in ji ta.
Na ce, Hajiya, za mu rasa rabin ƙofa.
Ta ce, "Ragunan ai sun tafi."

Ni da ke faɗa da masu gida kan taƙi guda,
na koma sama, na sassauta sukuru,
na sunkuyar da idon kamar mai gaida babba.
Rabin ƙofa, rabin kwata,
kujera a tsakiya.

Washegari na zo karɓar cikon sidi hamsin.
Na tarar da ita da sabon mayafi, ta sa kwalli,
ludayi a hannun dama, layin yara a gabanta.
Can ta ɗaga hagu sama, wajen kwano,
ta kaɗa sau biyu,
ta ci gaba da zuba koko.